Wanda ya fito daga gidan yari a Amurka zai iya mallakar gida?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bronx, a birnin Niyok. Ƙanina ya yi shekara bakwai a gidan yarin jiha, ya fito wata takwas da suka wuce, yana ƙarƙashin parol, wato an sake shi bisa sharaɗi, jami'i na sa masa ido. Alhamdu lillahi ya samu aiki wajen masu gyaran gidaje, ana biyansa duk sati. A falona yake kwana, ga ni da miji da yara uku. Duk inda muka nema masa ɗakin haya, da zarar an binciki sunansa sai a daina ɗaga wayarmu. Shi ya sa muka fara tunanin mu haɗa ƙarfi ya sayi nasa, ko da ƙarami ne. Ina da adashe da zan ɗauka ƙarshen shekara. Wasu sun ce min doka ta hana banki ba wanda aka taɓa ɗaurewa rancen gida, wasu kuma sun ce in saya da sunana kawai in miƙa masa mukulli. Mene ne gaskiya, kuma ta ina za mu fara?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya saka miki da alheri kan wannan riƙon zumunci, Ya sa ƙaninki ya fito ke nan. Abin da kike son sani shi ne ko doka ta tare masa hanya, idan ba ta tare ba wace hanya mai ƙaramin ƙarfi zai bi, sannan ko shawarar saye da sunanki tana da kyau. Aikina zama da masu neman sayen gidansu na farko, mu baje takardunsu a tebur mu ga inda suka tsaya, kuma cikinsu akwai waɗanda suka fito daga gidan yari. Daga nan zan ba ki amsa.

Babu dokar tarayya ko ta jihar Niyok da ta hana wanda ya yi zaman gidan yari sayen gida ko karɓar rance. Fom ɗin da masu ba da rancen gida ke amfani da shi a duk faɗin Amurka, wanda ake kira 1003, yana tambayar aiki, albashi, ajiya, bashi, ko kotu ta ɗora wa mutum biyan wani kuɗi, ko ya taɓa karayar arziki, ko gwamnatin tarayya na binsa bashi. Babu layin da ke tambayar ko an taɓa ɗaure shi. Idan laifin na damfarar banki ne ko na cinikin gidaje, lamarin kan yi tsauri, amma ga yawancin mutane tarihin kotu ba ya shiga lissafin banki kai tsaye. Mutane da yawa kan yi mamaki idan na gaya musu cewa ta wannan fuskar saye ya fi haya sauƙi. Mai ba da haya yana tono abin da mutum ya aikata a baya, banki kuwa abin da ke shiga aljihunsa yanzu yake dubawa. Wannan rufe ƙofar da kuka sha daga masu haya yana cikin dalilan da suka sa cibiyar Prison Policy Initiative ta gano a binciken da ta fitar a 2018 cewa waɗanda suka taɓa zaman gidan yari sun fi sauran jama'a faɗawa rashin matsuguni kusan ninki goma.

Abin da zai ba ku wahala shi ne shekara bakwai ɗin da babu komai a rubuce: babu takardar albashi, babu haraji, babu shaidar biyan bashi. Banki da takarda yake aiki, kuma cike wannan gurbi yana cin lokaci. Ga yadda na saba gani, wanda ya riƙe aikinsa ya bi matakai a jere yakan kai ga sayen gida cikin shekara biyu zuwa uku bayan fitowa. Duk wanda ya yi muku alƙawarin wata uku, ku yi hattara da shi.

Tambayar da ta riga maganar gida

Ba ki faɗa ba ko ƙaninki ɗan ƙasa ne ko katin zama na dindindin gare shi, kuma a wajen mutanenmu wannan ita ce tambaya ta farko. Wanda ba ɗan ƙasa ba, ko da ya shekara ashirin da katin zama, wasu laifuffukan suna iya sa a kore shi daga ƙasar bayan ya gama zaman gidan yari, kuma mallakar gida ba ta kare shi daga hakan. Akwai kuma akasin haka: wata doka ta 2000, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2001, ta mayar da yaro ɗan ƙasa kai tsaye idan yana da katin zama, yana ƙasa da shekara 18, yana kuma hannun mahaifi ko mahaifiyar da ta zama 'yar ƙasa. Samari da yawa da aka kawo suna ƙanana 'yan ƙasa ne tun tuni ba su sani ba. Wannan fagen lauyan shige da fice ne, aikina bai kai nan ba, don haka ku nemi lauya kafin ku kashe ko sisi a kan gida. Kafin ku gan shi, kada ƙaninki ya yi tafiya zuwa gida ganin dangi, kada kuma ya tura takardar sabunta katinsa. Ki kuma sani cewa tun watan Mayun 2025 rancen FHA, wanda zan yi bayaninsa a ƙasa, ya daina karɓar masu izinin zama na wucin gadi. Ɗan ƙasa da mai katin dindindin suna nan a ciki.

Basussukan da suka taru yana ciki

Mutum yana tsare, bashi kuwa yana ta tafiya. Wanda ya fi yawan kayar da mutane shi ne kuɗin ciyar da yara da kotu ta yanke. Idan yana da ɗa kuma bai nemi a rage masa adadin ba lokacin da aka ɗaure shi, kuɗin ya ci gaba da taruwa wata-wata, kuma wata dokar tarayya ta 1986 ta hana alƙali komawa baya ya share abin da ya riga ya taru. Abin yi shi ne ya je a tsara masa biya gwargwadon albashinsa na yanzu, ya kuma riƙa biya a kan kari, domin banki na karɓar bashin da ke kan tsari ana biyansa. Sai tara da kuɗin kotu da diyyar da aka ɗora masa. Idan ba a biya ba sukan koma hukuncin bashi, wanda zai iya hawa kan duk gidan da ya saya. Ga wanda kotun tarayya ta ɗaure, haƙƙin gwamnati a kan kadararsa yana kai wa shekara 20 bayan fitowa. Bashin karatu na gwamnatin tarayya da aka daina biya shi ma yana toshe rancen FHA har sai an gyara shi.

A wannan makon ya shiga AnnualCreditReport.com ya ciro rahoton kiredit ɗinsa, wato tarihin basussukansa da yadda yake biya, kyauta daga kamfanonin da ke tara shi, Equifax da Experian da TransUnion, ku zauna ku karanta layi-layi. Na taɓa zama da wani bawan Allah da ya rantse ba a binsa ko kwabo, muka buɗe rahoton sai ga layin waya da katin shago da kuɗin wuta na wani gida da bai taɓa shiga ba, duka an buɗe su a shekarun da yake tsare. Ya daɗe yana kallon adireshin, sannan ya ce a hankali, "Gidan ɗan'uwana ne." Irin wannan ana goge shi, kuma takardar da ke nuna ranar shigarsa da ranar fitarsa ita ce hujja mafi ƙarfi, amma yana ɗaukar watanni, kuma wani lokacin yana taɓa zumunci. Gara a gano shi yanzu da a gano shi ana saura sati biyu a sa hannu.

Abin da banki ke dubawa

Rancen da ya fi dacewa da mai farawa shi ne wanda hukumar gidaje ta tarayya, FHA, ke tsaya wa. Mai makin kiredit, wato makin da ake auna yadda mutum ke biyan bashi da shi, 580 zuwa sama yana biyan kashi 3.5 cikin ɗari na kuɗin gidan a matsayin kafin alƙalami, wato dala 7,000 a gidan dala 200,000. Mai maki 500 zuwa 579 sai ya ba da kashi 10. Bankuna da yawa sukan ɗora nasu sharaɗin a kan wannan, su nemi 620 ko fiye. Ƙaninki wataƙila ba shi da maki ma sam, domin ana buƙatar asusun bashi da ya kai wata shida a buɗe kafin a fitar da maki. Maganin wannan shi ne ƙaramin katin kiredit da ake buɗewa da ajiya: ya ajiye dala 300, ya riƙa sayen katin jirgin ƙasa ko biyan kuɗin waya da shi, ya biya duka kafin ranar biya. Wanda ya biya duka a kan lokaci ba a ɗora masa ruwa.

Kan aiki, ƙa'idar FHA ta yi wa wanda ya daɗe ba ya aiki sassauci. Idan gibin ya kai wata shida ko fiye, ana iya lissafa albashinsa na yanzu matuƙar ya yi wata shida a aikin da yake kai, kuma akwai shaidar ya yi aikin shekara biyu kafin gibin. Idan ya shiga gidan yari yana yaro bai tara wannan tarihin ba, to sai ya tara shekara biyu daga yanzu. A nan ne kalmarki ta "ana biyansa duk sati" ta tsaya min a rai. Da ceki ake biyansa ana cire haraji, ko a hannu ake damƙa masa? Aikin gyaran gidaje a Niyok cike yake da biyan hannu, kuma a idon banki kuɗin da bai bi ta takarda ba tamkar babu shi. Na san cire haraji yana rage abin da ke shigowa, amma ina roƙon ƙaninki ya nemi a sa shi a littafin albashi, ko ya sauya wajen aiki, ya kuma cike takardar harajinsa kowace shekara. Wannan ya fi duk wata dabara da zan koya muku amfani.

Adashenki yana da gurbi. Littafin ƙa'idojin FHA ya amince da kuɗin ƙungiyoyin ajiya na tsakanin jama'a, da sharaɗin a nuna littafin zubi da rasit da shaidar uwar adashe. Ya kuma amince da kyauta daga ɗan'uwa, idan kin rubuta takardar cewa kyauta ce ba rance ba, kin kuma nuna inda kuɗin ya fito. Abin da ke ɓata lamari shi ne a zo da dala 15,000 a ambulan a zuba a asusu rana ɗaya babu bayani. Tun yanzu ki riƙa zubinki ta banki ko ta manhajar tura kuɗi ta Zelle, ki roƙi uwar adashen ta riƙa rubuta suna da kwanan wata da adadi.

Hanyoyin mai ƙaramin ƙarfi

A Bronx da wuya a samu gidan iyali guda ƙasa da rabin miliyan, don haka ga mai albashin lebura kasuwa kai tsaye ba ta buɗe ba. Hanyar da na fi yarda da ita ga irin ƙaninki ita ce ta ƙungiyoyin riƙon fili na al'umma. Tsarin ya yi kama da waƙafi: ƙungiya ce mara neman riba ke riƙe filin har abada, ta sayar wa mutum ginin da ke kai a farashi mai rahusa, ta ba shi hayar filin ta shekara 99 wadda magadansa za su gada. Baƙaƙen fata 'yan gwagwarmaya ne suka fara shi a 1969 kusa da garin Albany na jihar Jojiya, da sunan New Communities, cikinsu akwai Charles Sherrod da matarsa Shirley da Slater King, domin manoman da ake kora daga gonaki idan sun yi rajistar zaɓe. Tun asali an gina shi ne don mutanen da ake rufe wa ƙofa. Mafi girma a yau ita ce Champlain Housing Trust a jihar Vermont, wadda tushenta ya faro a 1984 lokacin Bernie Sanders yana magajin garin Burlington. A Niyok akwai Interboro Community Land Trust.

Akwai abin da ake sadaukarwa, kuma ya kamata ku shiga da ido buɗe. Ranar da zai sayar, ba ya kwashe duk ribar. A tsarin Champlain mai gida yana ɗaukar kashi 25 na ƙarin darajar da gidan ya yi: idan ya tashi da dala 100,000, nasa 25,000 ne, haɗe da abin da ya riga ya biya daga uwar bashin, sauran kuma ya zauna a gidan don mai saye na gaba ya samu da araha. Wasu na ganin wannan ƙwara ce. Ni ban gan shi haka ba ga mutumin da babbar buƙatarsa ita ce wurin da babu mai korarsa. Ƙungiyar tana tare da mai gida bayan saye, idan ya rasa aiki ita ce ta farko da za ta kira shi a nemi mafita da banki. Binciken da aka yi a ƙarshen 2010, lokacin da ake ta ƙwace gidaje a Amurka, ya nuna gidajen irin waɗannan ƙungiyoyi da ke kan hanyar ƙwacewa ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ake gani a sauran kasuwa ba. Matsalar ita ce gidajen kaɗan ne, layin jira kuma dogo.

Habitat for Humanity, wadda Millard da Linda Fuller suka kafa a 1976, tana sayar da gida ga mai ƙaramin ƙarfi da sharaɗin ya ba da sa'o'in aiki da hannunsa, abin da ba zai yi wa mai sana'ar ƙaninki wuya ba. Kowane reshe da ƙa'idarsa kan tarihin kotu, don haka a tambaya tun ranar farko. Ƙungiyar NACA kuma, mai taimakon masu neman rancen gida, ba ta neman kafin alƙalami, ba ta duba makin kiredit, tarihin biyan haya da sauran kuɗaɗen wata take bi, sai dai tana da yawan takardu da jira. Birnin Niyok yana da shirin HomeFirst da ke taimaka wa mai sayen farko da kuɗi har dala 100,000, bayan ya halarci darasin masu sayen gida, da sharaɗin zai zauna a gidan shekara 10 zuwa 15. Sai gidajen haɗin gwiwa na HDFC, wato benaye masu araha da mazaunansu ke mallaka tare, inda kwamitin mazauna ke tantance mai saye. A da nan ne tarihin kotu ke kayar da mutane, amma dokar birni da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025 ta taƙaita binciken, a haya da saye duka: babban laifi ana duba shi ne cikin shekara biyar da fitowa, ƙarami cikin shekara uku, kuma sai bayan an amince da sauran takardun mutum, a ba shi damar kare kansa, a kuma rubuta masa dalili idan an ƙi shi. Masu rajistar laifin lalata ba su cikin wannan sassauci. Ƙaninki yana cikin shekara biyar ɗin har yanzu, amma daina ɗaga waya ba tare da bayani ba abu ne da za ku iya kai ƙara a kansa gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta birni.

Idan maganar ruwa ce ke damunku, kamfanoni irin su Guidance Residential da UIF suna da tsarin saye na musharaka ko murabaha. Takardun da suke nema ɗaya ne da na banki, don haka duk shirin da na lissafa yana nan daram. Idan kuma kun fara hangen garuruwa masu araha kamar Buffalo, ku tuna duk adireshin da zai koma sai jami'in parol ya amince, barin jihar kuwa sai an nemi izinin jihar da za shi.

Abu guda da nake roƙonku ku guje wa shi ne masu cewa a zauna a gida ana biya wata-wata, takardar mallaka sai an gama biya. Da irin wannan yarjejeniya aka cuci dubban baƙaƙen fata a Shikago a shekarun 1950 da 1960: mutum ya shekara goma yana biya yana gyara, ya makara wata ɗaya a fitar da shi hannu rabbana. Har yau ana yi, kuma waɗanda banki bai karɓa ba tukuna ake farauta.

Saye da sunanki

Ban ba ki wannan shawarar ba. Idan kika sa hannu cewa ke za ki zauna a gidan don ki samu rance mai sauƙi alhali shi zai zauna, wannan ƙarya ce a takardar banki, laifin tarayya ne, kuma mutumin da ke ƙarƙashin parol shi ne na ƙarshe da ya kamata sunansa ya fito a irin wannan magana. Ko an bi ta halal ma, an saye shi a matsayin gidan haya, kafin alƙalamin zai yi yawa, shi kuma zai shekara yana biya ba tare da ya gina komai da sunansa ba. Idan ta Allah ta kasance a kanki, gidan na magadanki ne a idon kotu, kuma na ga yadda irin wannan ke raba 'yan'uwa.

Akwai hanyoyi biyu masu tsabta. FHA ta yarda ɗan'uwa ya shiga rance tare da mai saye ko da ba zai zauna a gidan ba, a haɗa albashinku, sunayenku duka a takarda. Ki sani idan ya kasa biya ke za a bi, makinki kuma zai faɗi tare da nasa, don haka sai da sanin maigidanki da yardarsa. Ta biyu, ku da maigidan ku sayi gida mai sassa biyu, domin FHA na ba da rance har gida mai sassa huɗu idan mai shi na zaune a ɗaya. Ku zauna a sama, shi a ƙasa, da takardar haya ta gaskiya, yana biya ta banki. Bayan shekara biyu yana da shaidar biyan haya da zai nuna a nemi nasa. Idan akwai hukuncin bashi a kansa, kada sunansa ya hau takardar mallaka sai an warware shi.

Kafin duk wannan ya nuna, shekara biyu a falo ta yi yawa, gare shi da gare ku. Idan gidan da kike ciki na NYCHA ne, wato hukumar gidajen gwamnati ta birnin, zamansa ba tare da izini ba zai iya jawo miki matsala, amma hukumar tana da shirin mayar da waɗanda suka fito cikin iyalansu tun 2013, sai ki nema. Fortune Society, wadda ke taimakon waɗanda suka yi zaman gidan yari tun 1967, tana da gidaje a Harlem domin waɗanda suka fito, Osborne Association kuma ta mayar da tsohon gidan yarin Fulton da ke nan Bronx masauki, tana kuma da tallafi ga iyalan da suka karɓi nasu. Ya je da kansa da takardar sallamarsa da takardun albashinsa, ya kuma nemi ofishin ba da shawarar gidaje da ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ta amince da shi, inda zaman farko yawanci kyauta ne. Idan ya ciro rahoton kiredit ɗin kuma kun ji daga lauya, ki sake rubuto min da abin da kuka gani, mu duba mataki na gaba.